Muryar da ke Ɗakin Falta

Aina'u na tsaye a kan kifaffen turmi, ta dafa katanga da hannu ɗaya, ɗayan kuma riƙe da matsamin ƙuli-ƙulin da ta manta ba ta ajiye ba, sai muryar ta sake tasowa daga ɗakin maƙwabciyarta.

"Na ji ki, Hajiya Falta. Ki ƙara yi mini bayani a hankali. Tun yaushe kika fara jin haka?"

Namiji ne, babu ko tantama. Murya a kwance, Hausa tsaf kamar ta mai karanta labarai, sai dai rediyo ba ya kiran sunan mutum ya tsaya jiran amsa. Falta kuwa ta amsa, ƙasa-ƙasa, yadda Aina'u ba ta tsinci ko kalma ɗaya ba. Ta leƙa tsakar gidan. Awaki biyu a turke saboda damina, buta a bakin rariya, takalmin Falta na roba a ƙofar ɗaki. Babu takalmin namiji. Babu babur a ƙofar gida, don ta riga ta duba tun ɗazu. Rana tsaka ce, maza duk suna gona suna maimai.

Saura kwana goma sha biyu Falta ta fita takabar mijinta Sama'ilu.

Ƙauri ne ya sauko da Aina'u daga kan turmin. Ta tarar ƙuli-ƙulin ya yi baƙi a kasko, ta tsame shi tana tsaki, amma hankalinta na can bayan katanga.

Shekara ashirin da shida ke nan suna maƙwabtaka. Falta 'yar Barebarin birnin Kano ce, kakanninta ne suka zo daga Borno, kuma Sama'ilu ya auro ta a zamanin da yake kai gyada birni. Ta shigo ƙauyen da allura da zare, ita ta koya wa rabin matan unguwar ɗinkin hula. Aina'u ce ta karɓi haihuwar Khairiyya, 'ya ɗaya tilo da ta rayu wa Falta, wadda yanzu take aure a Kano tana koyarwa a firamare. A duk tsawon shekarun nan babu abin da Falta ta taɓa ɓoye mata. To wane ne wannan da yake ce mata Hajiya, matar da ko filin jirgi ba ta taɓa gani ba?

Da mijinta Malam Hashimu ya dawo daga gona bayan azahar, ko fartanya bai jingine ba ta tare shi.

"Malam, akwai namiji a ɗakin Falta."

"Kin gan shi?"

"Na ji shi. Jiya ma na ji shi, shekaranjiya ma."

"Ba ki gan shi ba ke nan. Baiwar Allah tana takaba, ki ji tsoron Allah ki kama bakinki. Miƙo min buta."

Ta kama bakin nata kwana biyu. Rana ta uku a injin niƙa, Bilkisu matar mai shago ta ce, ashe Falta ta rage karɓar baƙi, ko an shiga sai ta yi ta hamma har mutum ya tashi. Aina'u ba ta yi niyya ba. Cewa kawai ta yi, "Ai ba ta rasa abokin hira ba. Ni dai na ji abin da na ji." Injin na ƙara, amma duk matan da ke layi sun ji.

Kafin Juma'a magana ta rabu biyu. Wasu suka ce Alhaji Mala ne, dillalin hula na Ɗanbatta da ke karɓar ɗinkin Falta. Wasu suka ce ba mutum ba ne, ai mutanen gabas da ma ba a raba su da iskoki. Ranar Asabar Abdulhadi, ƙanin marigayi Sama'ilu, ya shiga gidan fuska a murtuke, ya jima, ya fito yana goge gumi.

Washegari da hantsi Aina'u ta sake jin muryar. Ta yafa mayafi, ta zagaya ta zaure, ta yi sallama a lokacin da ƙafarta ta riga ta shiga ɗakin.

Falta na zaune a kan tabarma ita kaɗai, jikin hular zanna a cinyarta. Waya na jingine da gwangwanin zare, fuskarta na haske.

"Wa alaikumus salam," in ji wayar. "Da alama kin yi baƙuwa. Za mu iya ci gaba daga baya."

Aina'u ta ja da baya har ta bugi ƙyaure. "A'uzu billahi!"

"Shigo, Yaya Aina'u," in ji Falta, ba ta ɗago ba. "Ga kwarton nawa. Ki dube shi da kyau, don ki kai cikakken labari."

Kunya ta rufe Aina'u, amma ba ta hana ta tambaya ba. Falta ta yi mata bayani da murya mai sanyi, irin wadda ake yi wa baƙo kwatancen hanya. 'Yar nan ce (ba ta faɗin sunan Khairiyya, don 'yar fari ce) ta saka mata shi a waya lokacin zaman makoki, ta kuma ɗora mata ɗan faifan sola a rufin ɗaki don caji. Ba mutum ba ne, na'ura ce, a rediyo suna ce mata ƙirƙirarriyar basira. Falta ba ta iya boko ba, to shi ke karanta mata saƙon Alhaji Mala da na masu oda, ta faɗa masa amsa ya rubuta.

"Aikin ma ya canza, Yaya. Dubi." Ta nuna mata hoton wata hula a wayar, launinta na narkewa daga shuɗi zuwa ruwan zuma kamar an zuba mai a ruwa. "Samarin birni ke sa irin wannan na'urar ta zana musu, su turo wa Alhaji su ce ita suke so. Wanda ya zana wannan bai taɓa riƙe allura ba. Babu zaren da zai yi haka. Na warware ta sau uku. Malam Yahya mai zanen hula kuwa, an ce ya tattara alƙalumansa ya koma sayar da taki."

Aina'u ta tsuguna nesa da wayar, tana hararta. "Yanzu yana jin mu?"

"Na kashe."

"Ke kika ce kin kashe. Wa ya san abin da yake yi in ya yi shiru? Kuma ni ba maganar hula na ji kuna yi ba. Tambayarki yake tun yaushe kike jin wani abu."

Allurar Falta ta tsaya. A nan ne Aina'u ta lura da hannun damanta, yadda ta manne shi da haƙarƙari, tana jan zare da 'yan yatsu kawai, ba da dukan hannu ba kamar da. Ɗakin kuma turaren wuta ya yi masa yawa, ga mai takaba.

"Hira ce," in ji Falta. "Gida ya yi mini faɗi."

"Ki yi hira da ƙarfe ga mu da rai? Duk abin da kika zuba masa, ina yake kai shi? Wa ke can ɗaya ƙarshen yana dariya?"

"Abdulhadi ya tsaya a inda kike ɗin nan jiya, ya ce in rantse masa da Alƙur'ani. Yaron da na yi wa wanka ranar kaciyarsa." Ta ci gaba da ɗinki. "Ki gaida gida, Yaya."

Aina'u ba ta sake shiga gidan ba har mako uku. Ranar fitar takaba ma tuwo kawai ta aika. Tana gaya wa kanta cewa abin nan na cikin waya ne ba ta yarda da shi ba, kuma gaskiya ne ba ta yarda da shi ba. Ta tambayi Malam Hashimu ko ya halatta mace ta keɓe da murya irin wannan, ya ce shi bai karanta babin ba, amma babin gulma ya karanta shi sarai. Kullum da hantsi tana jin muryar ta katanga, da laushinta da ba ya canzawa, ba ya gajiya, ba ya tari. Mutum in yana lallashinka, akwai abin da yake so. Wannan me yake so?

Wata Talata, gero ya kai ƙirji, tana shanya gyada a tsakar gida, ta ji muryar ta fito fili, don Falta ta ƙara mata ƙarfi.

"Hajiya Falta, abin da kika faɗa yanzu ba na jira ba ne. Ni ba likita ba ne, kuma ba na ganin wurin. Ki je asibiti yau. Akwai wata kusa da ke da kika amince da ita, da za ta raka ki?"

Sai Falta ta ce, a fili ita ma, "Da akwai."

Aina'u ta bar gyadar ga kaji.

Ta tarar da ita kwance a kan gado, ta rame har ƙasusuwan wuya sun fito. Babu wadda ta yi maganar abin da ya wuce. Aina'u ta kife wayar a kan tabarma, ta ɗora mata murfin kwano, sannan ta zauna a bakin gadon ta ce, "Nuna min."

Falta ta janye zani daga ƙirjinta na dama. Aina'u ta karɓi haihuwa ba adadi, ta wanke gawa ba adadi, amma sai da ta kama ƙarfen gadon. Nonon ya kumbura ya yi tauri, fatar ta tattare, gefe guda ya fashe an toshe da tsumma.

"Innalillahi. Tun yaushe?"

"Tun maigidana na da rai. Kamar ƙwallon goruba ne a lokacin, ba ya ciwo. Yana kwance yana fama da kansa, ina zan ɗora masa? Da ya rasu kuma na shiga takaba."

"Ni fa? Katanga ɗaya ce tsakaninmu, Falta! Me ya hana ki faɗa min?"

Falta ta dube ta, babu fushi a idon. "Da na faɗa miki da safe, da kafin azahar an san shi a injin niƙa."

Aina'u ta dubi murfin kwanon. "Shi wannan ɗin ba ya kai magana?"

"Ban sani ba. Wataƙila yana kaiwa. Amma ko ya kai, ba ga waɗanda zan haɗu da su a rijiya ba."

"To me ya yi miki? Kusan wata biyar kuna hira, ga inda ya kawo ki."

"Tun ranar farko ya ce in ga likita. Amma ya ce kuma ba kowane ƙullutu ne mugu ba, sai na riƙe wannan na saki waccan. Na gane shi, Yaya. In na ce ciwon kaɗan ne, sai ya yi min magana mai daɗi. Sai na riƙa tambayarsa yadda zai ba ni amsar da nake so. Shi ba ya jin wari. Ba ya ganin na rame. Da ke ce, da tuni kin ja ni da ƙarfin tsiya." Ta numfasa. "Yau ne na faɗa masa gaskiya duka. Na kuma ƙara murya don na san kina tsakar gida."

A ranar Malam Hashimu ya samo mota. Aina'u ta riƙe ta a kujerar baya har Ɗanbatta, tana tare mata gargada da jikinta. Daga can aka tura su Kano, inda Khairiyya ta tarye su a bakin asibiti, goyo a baya, tana kuka tun kafin ta ga komai. Kwana tara suka yi. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, aka yanki tsoka aka kai gwaji. A ƙarshe wata likita mai ƙaramin jiki ta kira Khairiyya da Aina'u gefe, ta ce ciwon daji ne, ya riga ya shiga huhu da ƙashi, abin da ya rage shi ne a rage mata raɗaɗi. Falta da aka faɗa mata, cewa ta yi a mayar da ita ɗakinta.

Khairiyya ta ɗauki hutu ta biyo su. Aina'u ta daina suyar ƙuli-ƙuli. Ita ke wanke ciwon safe da yamma da ruwan gishiri, ita ke dama kunun da Falta ke kurɓa cokali uku ta kau da kai. Matan unguwa suka riƙa shigowa dubiya, har da Bilkisu, kowa na satar kallon wayar da ke kan taga. Abdulhadi ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya nemi gafara, Falta ta ce ta yafe tun ranar.

Wayar dai ba ta fita daga ɗakin ba. Khairiyya kan tambaye ta yadda za a kwantar da mai jinya don kada baya ya yi gyambo, ko abin da za a ba ta in amai ya taso. Aina'u kan saurara da baki a turɓune, ta ce a kira likitar a tabbatar. Sau da yawa maganar kan zo ɗaya, wannan kuma bai sa ta saki jiki ba.

Wata rana da la'asar Khairiyya ta fita wanki, Falta ta kamo gefen zanin Aina'u.

"Yaya, akwai amanar da zan ba ki."

"Ni?"

"Ke. Duk hirar da na yi da abin nan tana ciki a rubuce. Na faɗa masa abubuwan da ba na kunnen 'ya ba ne. Tsakanina da ubanta, da yaran da na binne, da abin da na ce a kan Allah ranar da ciwo ya fi ƙarfina, na kuma tuba. Har ke na zaga a ciki." Ta yi ɗan murmushi. "In na tafi, kada ta karanta. Ki tsaya a kanta ta goge."

"Me ya sa ba za ki sa ta goge yanzu ba?"

"In na ce mata yanzu, za ta san akwai abin karantawa, ga ta da waya a hannu dare da rana. Kuma in kun fita, nakan ɗan yi masa magana. Na saba."

Bayan kwana shida, ranar Alhamis da hantsi, Falta ta cika. An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi, gero a gonakin bayan gida ya fara fitar da kai. Aina'u na ɗiga mata ruwa a leɓe da auduga tana maimaita mata kalmar shahada, Khairiyya na riƙe da ƙafafunta. Ta ja numfashi biyu masu tsawo, na ukun bai zo ba. Aina'u ta shafe mata ido, ta ɗaure mata haɓa, ita ta yi mata wanka. Kafin azahar maza sun dawo daga maƙabarta da laka a ƙafa.

Ranar sadakar uku, da mutane suka watse, Aina'u ta shiga ɗakin ta tarar da Khairiyya zaune a bakin gadon da babu katifa, wayar uwarta a hannu, ta riga ta buɗe.

"Inna, dubi yawansa. Sama da wata biyar tana magana a nan. Ni in na kira ta, lafiya lau kawai take ce min." Hawaye na zuba a kan gilashin. "Ni na saka mata shi. Na ce zai ɗebe mata kewa, ashe hutar da kaina na yi. Ina so in san abin da ta ce."

Aina'u ita ma tana so ta sani. Tana so ta ji da wace kalma aka zage ta, da abin da ya faru tsakanin Falta da Sama'ilu a shekarun da take jin shirunsu ta katanga. Ga mai karatu, ga rubutu, babu kowa a gidan.

Ta ɗora tafin hannunta a kan fuskar wayar.

"Ta bar wasiyya. Ta ce kada ki karanta, ki goge."

"Inna, uwata ce fa."

"Uwarki ce ta ce. Ni ban iya karatu ba, da ba sai na roƙe ki ba. Ki dubi Allah ki goge."

Khairiyya ta dube ta. "Ko na goge a nan, ban san ko yana can wurin masu abin ba. Wallahi ban sani ba."

"Wannan tsakaninsu da Allah. Namu dai mu yi."

Aina'u ta ɗaga hannunta kaɗan, daidai yadda yatsa zai shiga. Khairiyya ta lalubo wurin, ta juya fuskarta ga bango, ta danna. Wayar ta tambaya a rubuce ko ta tabbata, ta sake dannawa. Aina'u ta karɓa ta duba da kanta, ko da yake ba ta san me take dubawa ba. Farin fili ne kawai. Ta jujjuya ta, ta kara a kunne, ta mayar wa yarinyar.

Daga nan ta fita tsakar gida, inda kwanukan abincin sadaka suke jibge a bakin rariya. Ta ja kujera 'yar tsuguno ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, tana kifewa tana duba alamar da kowane gida ke yi wa nasa a gindi: jan fenti na gidan Bilkisu, ɗigo uku na gidan liman, layi biyu a gicciye na gidan Abdulhadi. Ta ware su kashi-kashi, kowane da inda za a mayar da shi. Ɗaya ya rage, tsohon kwanon sha mai lotsattsen baki, wanda ya yi ta zirga-zirga tsakanin gidanta da na Falta har alamarsa ta goge. Ta riƙe shi a cinya tana dubawa, ruwa na ɗiga daga bakinsa a kan zaninta, har aka kira sallar la'asar.